Wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin da ya ba ni hayar mota a Yamai

Ranka ya daɗe Darakta,

Bayan gaisuwa, ina rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a saboda amsar da mai kula da sashen haya na kamfaninku ya ba ni a waya ranar Alhamis 20 ga Maris 2025, da misalin ƙarfe 11 na safe, ana tsakiyar azumi. Na gaishe shi, na faɗa masa lambar yarjejeniyata, na tambaye shi ranar da za a mayar mini da kuɗin ajiyata. Ya ce: "Elhaji, motar da ta shekara uku tana jidar albasa a daji, ai godiya ya kamata ka yi mana da muka karɓe ta." Da na ce masa ina riƙe da takarda mai hatimin kamfaninku, sai ya ce wannan takardar ƙofa ce, ba ta da wani amfani, ya kashe waya ban gama magana ba. Tun daga ranar babu wanda ya sake ɗaukar kirana.

Na karɓi Toyota Hilux sabuwa a hannunku a watan Janairu 2022, bisa hayar wata 36, ina biyan jika 450, wato sefa dubu 450, kowane wata, bayan jika 1,500 da na ajiye muku tun ranar farko. A tsawon shekarun nan uku ban taɓa tsallake wata ba, har a watannin da suka biyo bayan Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyakoki kasuwa ta tsaya cik, albasa tana ruɓewa a Galmi babu mai fitar da ita. Canjin mai da duba inji kuwa a garejin da kuka zaɓa nake yin su, ko da yake daga Tawa zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 550 ce, kuma littafin motar yana nan cike da hatiminsu. Sana'ata a rubuce take a shafin farko na yarjejeniya, don haka kun san albasa za ta ɗauka tun kafin ku miƙa mini makulli.

Ranar Talata 14 ga Janairu 2025 na kawo motar harabarku, wankakkiya, da makullanta biyu da takardunta da tayar ajiya. Yarjejeniyar ta ce za a duba mota a gaban mai haya da wakilin kamfani, dukansu su sa hannu. Aka ce mini mai dubawa ba ya nan, kuma ba a san ranar dawowarsa ba. Na ƙi tafiya sai da ma'aikacinku ya zagaya motar tare da ni, ya leƙa agogon kilomita, ya rubuta 87,412 da ranar da sa'ar, ya buga hatimi. Na ɗauki hotuna ta kowane gefe yana tsaye. A cikinsu ana ganin gilashin gaba garau babu tsaga, ana kuma ganin ƙarzuwar da buhuna suka yi wa fentin ƙasan bodi, wadda ban taɓa musun ta ba, domin ita ce irin tsufan yau da gobe da yarjejeniyar da kanta ta ce ba a biya.

Bayan makonni sai ga takardar lissafi ta jika 2,180. Kun riƙe ajiyata duka, kuna kuma bi na bashin jika 680. Takardar ta nuna an duba motar ranar 11 ga Fabrairu, ba ni nan, ba a kuma kira ni ba. Da yake a wurinku ranar dubawa ita ce ranar mayarwa, kun ɗora mini hayar wani wata guda cikakke, alhali motar tana hannunku. Kun rubuta gilashin gaba jika 380, kun rubuta tayoyi da fenti da wasu abubuwa da ba a ko bayyana su ba, sannan aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan jimillar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar kilomita. An yarje mini 90,000 a shekara uku, na mayar da mota da 87,412, takardarku kuwa ta ce 93,050, har kuka ci ni tarar dala 20, wato sefa 100, a kan kowace kilomita da ta haura. Tsakanin lambar da ma'aikacinku ya rubuta da hannunsa da wadda mai dubawa ya rubuta akwai kilomita 5,638, wato fiye da zuwa Tawa da dawowa sau biyar. Wa ya tuƙa motar a waɗannan makonni huɗu, ina ya je da ita, kuma a hannun wa gilashin ya tsage? Na yi wannan tambaya a rubuce, na yi ta a waya, na aiko ƙanena ya yi ta a ofishinku, amsar da ya samu ita ce kayan gyara sun yi tsada tun da kaya suka daina biyowa ta Kwatano. Tsadar kaya gaskiya ce, mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin ta, amma ba ta da alaƙa da lambar da ke kan agogon mota.

Ina neman ku soke wannan takardar lissafi gaba ɗaya, ku mayar mini da jika 1,500 ɗina ba tare da cire ko dala ba, ku kuma ba ni a rubuce sunan wanda motar ta kasance a hannunsa daga 14 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu. Ina neman ma'aikacin da ya kira garuruwanmu daji ya ba ni haƙuri a rubuce.

Da farko na ɗauka kuskuren ma'aikaci ɗaya ne. Da na yi maganar a cikin abokan sana'a a Tawa da Ƙonni da Madawa, sai na tarar da waɗanda suka taɓa yin haya da ku suna ba da labari iri ɗaya: mai dubawa ba ya nan ranar mayarwa, lissafi ya biyo baya, ajiya ta tafi. Wannan ya sa na yi imani tsari ne da kuka ginu a kansa, kuna dogara da cewa mutumin da ke nesa da Yamai, wanda aka ba shi yarjejeniya da Faransanci cikin ƙananan haruffa, zai gaji da zirga-zirga ya bar muku kuɗinsa. Saboda haka ina neman ku daina karɓar makullin kowa sai an duba mota nan take a gabansa, ku kuma sake buɗe lissafin duk wanda aka duba motarsa a bayan idonsa.

Na ba ku kwana 15 daga ranar da wannan wasiƙa ta fito. Idan wa'adin ya cika ban ga kuɗina da amsa a rubuce ba, zan miƙa takarda mai hatiminku da hotunan da littafin garejin ga wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a, mu haɗu a kotun kasuwanci ta Yamai, kuma wasu daga cikin abokan sana'ar da na ambata sun riga sun fara tattara nasu takardun.

Wassalam,
Wani ɗan kasuwar albasa daga Tawa