Sanarwa: zaman Asabar kan makin PDUI

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu a Jami'ar Abdou Moumouni, nan Yamai, ƙarƙashin bishiyar da muka saba. Dalili kuwa, na duba rahotannin da kuka turo, na ga wasunmu sun ɗauki makin PDUI (ma'aunin yawan amfani da wurin yanka RNA na nesa) na DaPars, manhajar nazarin bayanan RNA, a matsayin yawan RNA da ƙwayar gado ke fitarwa. Ba haka ba ne. Makin yana tsakanin 0 da 1, kuma wurin da aka yanke RNA aka ɗaura jelar poly(A), wato jerin harafin A da ke ƙarshen RNA, yake nunawa. Idan ya kusa 1, wurin yanka na nesa aka fi amfani da shi, 3'UTR, wato sashen ƙarshen RNA da ba a fassarawa zuwa furotin, ta yi tsawo. Idan ya sauka, ta gajarce, wasu wuraren da microRNA (ƙananan RNA masu rage aikin ƙwayar gado) ke kamawa sun tafi. An sha ganin haka a ƙwayoyin ciwon daji.

Kowa ya zo da kwamfutarsa cike da caji, kun san halin wuta. Ku zaɓo ƙwayar gado ɗaya, ku duba yawan karatun (reads, wato guntayen RNA da na'ura ta karanta) da makinta ya dogara a kai, don maki kan karatu kaɗan ba abin yarda ba ne. Kuɗin intanet da shayi dala ɗari ne.

Allah ya kai mu lafiya.