Rahoton Ayyukan Shekara na Zumuntar Matasa

Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayenmu mata da 'yan'uwana matasa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Kwamiti ya ɗora mini in kawo muku bayanin abin da zumuntarmu ta yi a bana.

Tun farkon shekara muka ɗauki littafin Ayyukan Manzanni don nazarinmu na yammacin Alhamis, muna duba yadda manzanni suka riƙe juna a cikin aikin bishara. Wanda ya fi tsayar da mu shi ne Barnaba. Sunansa na asali Yusufu, Balawe ne, haifaffen tsibirin Kubrus, manzanni ne suka yi masa laƙabi da mai ƙarfafa zuciya. Sa'ad da Shawulu ya zo Urushalima bayan ya tuba, masu bi suka yi ta ɗari-ɗari da shi, don ba su manta da ranar da aka jejjefi Istifanas da amincewarsa ba. Barnaba ne ya kai shi gaban manzanni ya tsaya masa. Da aiki ya bunƙasa a Antakiya kuma, ya tashi takanas har Tarsus ya nemo shi. Shekara guda cur suka yi suna koyarwa tare a Antakiya, a garin ne ma aka fara kiran masu bi da sunan Kirista.

Sura ta 15 kuwa ba mu gama ta a zama ɗaya ba. Markus, abokin tafiyarsu, ya taɓa barin Barnaba da Shawulu, wato Bulus, a Bamfiliya ya koma gida, saboda haka Bulus ya ce ba za a sake tafiya da shi ba, Barnaba ya kafe sai an je da shi. Saɓanin ya yi zafi har suka rabu: Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus, Bulus ya zaɓi Sila. Mu ma sai muka rabu biyu, wasu na cewa aikin Allah ba ya son mai sanyin jiki. Wata 'yar'uwa ce ta buɗe mana 2 Timoti 4:11, inda Bulus da kansa, yana kurkuku, ya ce a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Ɗakin ya yi tsit. Ni dai a ganina, da Barnaba bai haƙura da yaron nan ba, da Bulus bai samu wanda zai kira a ranar ba.

Wannan ya tona mana laifinmu. A bara mu 'yan kwamiti mun soke sunayen waɗanda suka daina zuwa, ba mu taka ƙofar gidan ko ɗaya ba. Bana muka ɗauko tsohuwar rajista, muka fita bibbiyu, tunda zumunta a ƙafa take. Abin da muka ji ya taɓa mu. Wani kunyar bashin kuɗin wata ce ta hana shi zuwa. Wata an yi mata magana mai zafi a gaban jama'a, ba wanda ya bi ta ya ba ta haƙuri. Wasu sun dawo, wasu har yanzu muna zuwa gaishe su, kuma ba za mu fasa ba.

Daga Akila da matarsa Bilkisu muka ɗauki abu biyu. Bulus ya sauka a gidansu a Korinti ne saboda sana'arsu ɗaya, ɗinkin tanti, don haka telolinmu da kafintoci da masu gyaran waya suka karɓi ƙannenmu marasa aiki suna koya musu. Sannan da suka ji Afolos yana wa'azi a Afisa da saura a saninsa, jan shi gefe suka yi suka ƙara masa haske. Mun amince gyaran ɗan'uwa ba a zauren WhatsApp za a yi shi ba.

Game da shaida, mun bi Filibus, wanda ya ce wa abokinsa Nata'ala, "Zo ka gani." Mun daina gardamar bakin kasuwa. Muna zuwa suna da ta'aziyyar maƙwabtanmu, duk wanda ya tambayi dalilin begenmu mu amsa masa cikin ladabi. Da damina kuma mun yi gayya a gonakin gwaurayen ikilisiya.

Ziyarar asibiti da gidan yari da muka yi alkawari ba mu cika ba, kuɗin mota ya gagare mu. Ma'aji zai karanta lissafi bayan na zauna. A shekara mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu fara da wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon, kuma muna roƙon dattawa su ba mu mutum ɗaya da zai riƙa raka mu ziyarar gidaje.

Sakataren Zumunta