Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kakakin Majalisar Dokokin Legas, Mudashiru Obasa

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni Bahaushen Agege ne. A nan aka yanke mini cibi, a nan nake neman abinci, a nan kuma nake kaɗa ƙuri'a. Na rubuto maka da Hausa ne domin 'yan'uwana na Zango da na Abbatuwa su ji abin da na faɗa maka da kunnensu. Masu yi maka tafinta kuwa ba su yi ƙaranci a garin nan ba.

Ba zan rage maka komai daga abin da ka yi ba. Daga kansila ka fara a 1999, a ƙarƙashin jam'iyyar Alliance for Democracy (AD), ka haura majalisar jiha, mutanen Agege suka yi ta maimaita ka kusan shekara ashirin. A Yunin 2015 ka gaji Adeyemi Ikuforiji a kujerar kakaki, aka sake ba ka a 2019, aka ƙara a 2023. Duk wanda ya san irin azabar da ake sha a mahaɗar Pen Cinema kafin a buɗe gadar sama a Maris ɗin 2021, ya san an yi mana aiki, kuma ya san da bakinka a ciki. Allah ya saka da alheri.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami daban ce. Ranar 13 ga Janairun 2025, kana Amurka, fiye da kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa 40 suka tsige ka, suka naɗa mataimakiyarka Mojisola Meranda, mace ta farko da ta hau wannan kujera a Legas. Galibin waɗanda suka yi wannan aiki ba 'yan adawa ba ne. 'Yan jam'iyyarka ne ta APC, mutanen da kuke zama ɗaki ɗaya, waɗanda suka san shige da ficen kuɗin majalisa fiye da kowane ɗan jarida. Zargin da suka karanta a bainar jama'a ya haɗa da almubazzaranci da kuɗin majalisa, da amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba, da danniya ga abokan aiki. Ka dawo ka musanta, ka ce har gobe kai ne kakaki. Ranar 27 ga Fabrairu ka shiga harabar majalisa da rakiyar jami'an tsaro, ka jagoranci zama da 'yan majalisar da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Dattawan jam'iyya kuwa, Cif Bisi Akande da Cif Olusegun Osoba, sun shiga tsakani. Ranar 3 ga Maris Meranda ta sauka bayan kwana 49, waɗanda suka tsige ka suka sake zaɓenka. A watan Afrilu Babbar Kotun Legas ta ce tsigewar ba ta bi ƙa'ida ba.

To, ranka ya daɗe, magoya bayanka suna yawo a gari suna cewa kotu ta wanke ka. Kai lauya ne, ka yi karatun shari'a a Jami'ar Jihar Legas, ka fi ni sanin ba haka ba ne. Abin da alƙaliya ta duba shi ne yadda aka kira zaman: majalisa tana hutu, kuma ba waɗanda doka ta ba ikon kiran zama ne suka kira shi ba. Ba ta buɗe littafin kuɗi ko ɗaya ba, domin ba shi aka kai gabanta ba. Dattawan jam'iyya ma sulhu suka yi, sulhu kuwa alheri ne, amma ba bincike ba ne. Wato zargin yana nan inda aka ajiye shi ranar 13 ga Janairu, ba wanda ya tabbatar, ba wanda ya ƙaryata da hujja. An dai lulluɓe shi, kamar yadda ake rufe gyambo da tsumma a ce ya warke.

Cikin biyu dole akwai ɗaya. Ko dai abokan aikinka sun yi maka ƙazafi, wanda in haka ne sai su fito su nemi gafararka da tamu, domin da kuɗinmu suka tsayar da majalisa kusan wata biyu. Ko kuma gaskiya suka faɗa, daga baya aka ce su yi shiru suka yi. Ni ban ce ka ci ko kwabo ba, Allah ya kiyaye in ɗauki alhakin wani. Amma shirun nan bai yi maka amfani ba, domin ba wannan ne karo na farko ba.

A 2020 jaridar intanet ta Sahara Reporters ta yi ta buga rahotanni a kan asusun banki da kwangiloli da ta ce suna da alaƙa da kai. Wa ya bincika? Kwamitin majalisar da kake shugabanta, kuma ya ce ba ka da laifi. Duk da haka, a Oktoban wannan shekara EFCC ta gayyace ka ta yi maka tambayoyi. Bayan wata shida kacal, a Afrilun 2021, Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a kan dokar da majalisarka ta zartar ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta jiha, wadda a cikinta aka ce duk binciken da ya shafi kuɗin Legas a miƙa wa wannan hukuma. Mai yiwuwa da kyakkyawar niyya aka yi, Kano ma tana da irin tata hukumar. Sai dai ko a rumfar mai shayi mutane sun iya lissafin watanni, kuma abin da suka fahimta shi ne an gina katanga tsakanin Abuja da littattafan kuɗin Alausa, mazaunin gwamnatin Legas.

Inda abin ya fi damuna ke nan. Tun gyaran tsarin mulki na 2018 majalisun jihohi suka sami 'yancin riƙe kuɗinsu kai tsaye, ba sai sun durƙusa wa gwamna ba. Mun yi murna, muka ce yanzu za su iya kallon gwamna ido da ido. Kai ma ka gwada hakan a Agustan 2023, lokacin da majalisa ta ƙi amincewa da mutum 17 daga cikin 39 da gwamna ya aiko a naɗa kwamishinoni. Amma wa ke kallon majalisa ido da ido? Babban mai binciken kuɗi na jiha, in ya gama aikinsa, majalisa yake kai wa rahoto. Kwamitin da zai duba rahoton, kakaki ne ke naɗa shi. Idan kujerar ta zauna a hannun mutum ɗaya shekara goma, ko waliyyi ne sai an yi masa zato. Kasafin da aka kawo gabanka a Nuwamban 2024 ya haura naira tiriliyan 3. Mai sa hannu a kan irin wannan dukiya bai kamata a riƙa jin labarin kashe kuɗin ofishinsa a bakin masu tsegumi ba.

Akwai kuma ta gida. A zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2025 ɗanka Abdulganiyu ya fito a matsayin mataimakin shugaban ƙaramar hukumar Agege. Ba a je ko'ina ba shugaban ya ajiye aiki bisa dalilin rashin lafiya, kujera ta dawo hannun ɗanka. Doka ba ta hana ba, kuma yaron yana da haƙƙin neman muƙami kamar kowa. Tambayata ɗaya ce: majalisar jiha ce ke sa ido a kan ƙananan hukumomi, ita ke kiran shugabanninsu su yi bayani. In wata rana mu mutanen Agege muka kawo ƙorafi a kan kuɗin shara ko rabon rumfunan kasuwa, gaban wa za mu kai shi?

Ba zan ɓoye maka ba, mu da ba Yarabawa ba muna da wani dalili na daban na sa ido a kan wannan kujera. Ranar da aka rantsar da kai karo na uku a Yunin 2023, ka yi alkawarin dokokin da za su kare 'yan asalin jiha a harkar filaye da kasuwanci. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su Agege tun zamanin da aka shimfiɗa layin dogo, mun yi auratayya, muna sallah sahu ɗaya da kai. Idan za a yi dokar da ta taɓa shagunanmu da gidajenmu, muna so ta fito daga majalisar da mambobinta ke iya faɗin ra'ayinsu su tsaya a kai, ba wadda ke cewa fari a Janairu ta ce baƙi a Maris ba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinka ba. Ka sa akawun majalisa ya buga abin da ya shigo da abin da ya fita daga 2015 zuwa yau, musamman kuɗin motoci da na tafiye-tafiye da na gine-gine, a jarida da shafin majalisa, yadda kowa zai gani. Kwana 49 na Meranda ma a haɗa da su, domin ita ma an yi surutu a kan motocin da aka saya a lokacinta, kuma adalci ba ya zaɓen fuska. Sannan ka bar masu binciken da ba kai ka naɗa su ba su duba takardun. Kotun Ƙoli ta riga ta yanke a Afrilun 2025 cewa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta hau kan jihohi, saboda haka ko ba ka yi don ra'ayin kanka ba, wani zai rubuto ya nema, kuma ya fi maka daraja ka riga shi.

In ka ga dama ka kira taro a filin wasa na Agege ka karanta mana da bakinka. Za mu rufe shaguna mu zo, kuma za mu zo da tambayoyi.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Zangon Agege, Legas