Rahoton kwamitin gyaran hasumiyar tunawa da 'yan mazan jiya ta unguwarmu, Jos

Assalamu alaikum jama'a, iyayenmu dattawa da 'yan uwa maza da mata, barkanmu da warhaka. Aikin da kuka ɗora mana na gyaran hasumiyar tunawa da sojoji dai Allah Ya nufa an kammala, an kwashe katakan da aka kewaye wurin da su, leburori an sallami kowa, babu wanda yake binmu ko sisi. Lissafin kuɗi da rasit-rasit suna hannun ma'aji, an kuma manna kwafi a allon sanarwa, duk mai son dubawa ya je ya duba, kar a tsaya ana ji a bakin mai shayi.

Ga waɗanda basu taɓa tsayawa sun kalli ginin da kyau ba, matakala uku ce a ƙasa, sai gindi mai kusurwa huɗu, sai ginshiƙin da yake tsukewa yana hawa sama, duk da dutsen nan namu na Jos aka sassaƙa, sai allon tagulla a gaba mai sunaye. Babu kabari a ciki, yara na ta yaɗa cewa wai akwai gawa a ƙasa, babu. Yawancin waɗanda aka rubuta ɗin ma can aka binne su inda suka faɗi, wasu a Kamaru da gabashin Afirka a yaƙin 1914 zuwa 1918, mafi yawa kuma a ƙasar Bama (Burma) lokacin yaƙin duniya na biyu, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan a dazukan Arakan. Shi yasa har yau kuke jin barikin Kalapanzin a Kaduna da barikin Arakan a Legas, sunayen wuraren can ne. In ka karanta allon zaka ga da yawa sunan mutum ne kawai sai sunan garinsu a biye, haka Turawa suke rubuta soja a rajista a lokacin.

Toh abin da ya fi cin mana lokaci da kuɗi ba abin da ido yake gani bane, ruwa ne. Kowa ya san damunar Jos, kuma tun da aka ɗaga titin gefen nan lambatun ya toshe, duk ruwan da ya gangaro sai ya kwanta a gindin matakala ya yi kwana da kwanaki, ƙasa ta yi laushi, matakalar ƙasa ta ɓangaren gabas ta zauna ta buɗe baki. Ga kuma shingen ƙarfen da aka dasa kai tsaye cikin dutse, ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake, shi ne ya dinga tsaga dutsen daga ciki a hankali. Sai da aka tone lambatun gaba ɗaya aka sake shi da kankare, aka zuba tsakuwa kewaye da gindin sabida ruwa ya samu hanyar tsiyayewa, sannan magina suka ɗaga duwatsun matakalar ɗaya bayan ɗaya, kowanne an sa masa lamba da alli, aka gyara ƙasan aka maida kowane dutse gurbinsa. Mai walda ya yi sabon shinge amma wannan karon a waje aka kafa shi, bai taɓa dutsen ba.

Inda aka yi ta kai ruwa rana shi ne maganar kwalliya. Wallahi mutane da dama da zuciya ɗaya suka kawo shawarar a yaɓe ginshiƙin da filasta a shafa fenti kore da fari, wani bawan Allah ma ya ce shi zai sayi tayil ya lulluɓe matakalar da kuɗinsa, mun gode masa sosai amma kwamiti bai amince ba. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gidan tarihi ne ya zauna da mu ya nuna mana facin siminti da aka taɓa yi a baya, ya ce ku duba, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, shi ne facin ya ɓamɓare ya tafi da gefen dutsen. Dan haka aka kankare tsohon facin da hannu, aka cike tsakanin duwatsun da kwaɓin farar ƙasa da yashi wanda yake barin danshi ya fita. Ya fi jinkirin bushewa, birkiloli sun yi ta ƙorafi har da cewa muna ɓata masu rana, amma haka aka yi. Ni dai a ganina ginin da ya ga kakanninmu in ka sa masa tayil ya koma kaman gaban shagon sayar da waya, kuma ba shi kuka ce mu gyara ba.

Allon tagulla shi ma ruwa da sabulu mara ƙarfi da buroshi mai laushi kawai aka sa, aka goge aka shafa kaki. Ba a sa asid ba, ba a kankare shi da buroshin ƙarfe ba, koren da kuke gani a jikinsa ba datti bane, a barshi. Kusoshin ne aka canza da irin waɗanda ba sa kwancuwa da sauƙi sabida 'yan jari-bola, kun dai san halin da ake ciki. Akwai sunaye biyu da suka shafe sosai, mun barsu yadda suke, bamu yarda a yi cinke a rubuta sunan wani ba.

Iyalan da suka roƙi a ƙara sunayen 'yan uwansu da suka rasu a yaƙin basasa da kuma na Arewa maso Gabas, roƙonku yana kan hanya kuma babu wanda ya ƙi, sai dai a wani allo daban za a yi a jikin sabon shinge, tsohon allon a barshi da tarihinsa.

Saura maganar kariya, wadda gaskiya ita ta fi damunmu yanzu. Hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta hannunta ake bi a sa wuri cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, in wuri ya shiga ba mai rushewa ko canza shi sai da izini. Namu bai shiga ba, ma'ana gobe in aka zo faɗaɗa titi ba mu da takardar da zamu ɗaga. A garin da yake da gidan tarihi tun 1952, har da wurin da aka gina kwafin ganuwar Kano da masallacin Zariya dan adana fasahar gini, bai kamata a ce wannan ɗan ginin yana zaune haka ba. Mun haɗa hotunan kafin gyara da bayan gyara da awon ginin, sakatare ya rubuta takardar neman rajista, sa hannun mai unguwa da na shugabannin 'yan mazan jiya ake jira.

Dan Allah masu manna fostar siyasa da masu shanya kaya a shinge ku yi haƙuri ku daina, masu sana'a a gefen kuma an ja layi, kar a wuce shi. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, za a taru a wurin da safe, liman da fasto duk zasu yi addu'a, a zo da rigar sanyi. Har yanzu muna neman matasa da zasu ɗauki nauyin share lambatun kafin ruwan farko, mai sha'awa ya ga sakatare.