Wasiƙa zuwa ga aminina a Kumasi

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Jikin Inna da sauƙi, alhamdu lillahi. An yi mata hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da injin maganaɗisu, makon jiya, likita ya ga inda ƙashin baya ke danne jijiya, kuma ya ce ba sai an yi tiyata ba. Tana gaishe ka.

Ina zaune a bakin ɗakin hoton, ina jin ƙarar injin, sai zuciyata ta tafi kan wani mutum da nake ba ɗalibaina labarinsa kowace shekara: Alexei Abrikosov, masanin fiziks ɗan Rasha, haifaffen Mosko a 1928. Na sha faɗin sunansa a aji, amma sai ranar nan na ji kamar yana bina bashin godiya.

Ka tuna darasin da aka yi mana kan Kamerlingh Onnes, masanin fiziks na Leiden a ƙasar Holan? A 1911 ya sanyaya zaiba har kusan digiri 269 ƙasa da sifili, sai lantarki ya riƙa bi ta cikinta ba tare da wata turjiya ba. Ya yi ta murna za a naɗa waya irin wannan a sami maganaɗisu mai ƙarfin gaske. Ashe da sauran rina a kaba. Da ƙarfin maganaɗisun ya ɗan ƙaru, sai baiwar ta gushe, ƙarfen ya koma yadda yake.

Abin da Abrikosov ya gano da lissafi shi ne akwai wani jinsin ƙarafa dabam da ba ya mutuwa haka. Maimakon ya tsaya ya yi ta ja da maganaɗisu har ya karye, sai ya bar shi ya ratsa ta wasu siraran hanyoyi kamar zare, kowace da lantarki yana kewaya ta kamar ƙaramar guguwa, sun jeru reras cikin tsari. Duk abin da ke tsakaninsu kuwa yana nan da baiwarsa. Wallahi duk lokacin da na zana wannan a allo sai tsigar jikina ta tashi.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne wannan. Ya kai ga sakamakon tun 1953, amma malaminsa Lev Landau, wanda ba a ja da shi a wancan zamani, bai gamsu ba. Sai Abrikosov ya ajiye takardun a aljihun tebur. Bayan Richard Feynman, masanin fiziks ɗan Amurka, ya yi bayanin irin waɗannan guguwoyi a cikin ruwan heliyam a 1955, Landau ya sauko, aka buga aikin a 1957. Ko a nan ma mutane ba su kula sosai ba sai a farkon shekarun 1960, sannan a 1967 wasu masana biyu, Essmann da Träuble, suka ɗauki hoton jerin a Jamus, ido ya gani. Lambar Nobel kuwa sai 2003, tare da wasu masana fiziks biyu, Ginzburg da Leggett, shekara 50 cif bayan lissafin farko. Abrikosov ya rasu a Amurka a 2017.

Wayar da ke cikin injin da aka sa Inna daga wannan jinsin take, haɗin niyobiyam da titaniyam, jiƙe cikin ruwan heliyam. Injin mai tesla 1.5 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) ƙarfinsa ya kai wajen ninki 30,000 na maganaɗisun ƙasa. Irin wayar ce kuma a babban injin CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa.

Kai da ka tashi a Jos, ga naka: ɗaya daga cikin ma'adinan da ake fitar da niyobiyam shi ne kolumbait, baƙin yashin nan da ake samu tare da kuza. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haƙo shi, kafin Brazil ta karɓe kasuwar. Na tuna ka ce kakanka ya yi aikin kuza a Bukuru. Don Allah ka tambayi Baba ko ya san wani abu game da kolumbait ɗin, ina so in karanta wa 'yan ajina daga bakin wanda ya gani.

Ka gaida Baba da kowa da kowa. Ina sauraron amsarka kafin a koma hutu.

Wassalam,
Naka amini,
daga Kano