Barka da Sallah Daga Bakin Tekun Texas

Rockport, Jihar Texas, Amurka
Juma'a, 10 ga Zulhijja 1438 (1 ga Satumba, 2017)

Zuwa ga Baba da Hajiya da duk mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kun yi sallah lafiya. Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana. Barkanmu da sallah.

Hajiya, ku fara kwantar da hankalinku. Na san kun ji a rediyo cewa mahaukaciyar guguwar da ake kira Harvey ta yi ɓarna a Texas, na kuma san tun ranar ba ku yi barcin kirki ba. Lafiyata ƙalau. Maman yara da yaran suna can gida wajen Dallas, nesa da teku, abin bai kai gare su ba. Iyakar abin da suka gani shi ne layin mai, don jiya mutane sun firgita sun yi ta cika tanki har gidajen mai suka ƙafe. Da ta faɗa mini na yi dariya, na ce ashe ba mu kaɗai muka iya ba. Rashin kirana kuwa matsalar sabis ce, sai mutum ya yi ta yawo da waya a sama kafin ya samu. Shi ya sa na zauna na rubuta, in na samu na tura wa Auta ta karanta muku.

An turo mu nan ne daga ofishinmu mu taimaka wa 'yan sandan yankin, don su kansu da yawa rufin gidajensu ya tafi. Rockport ƙaramin gari ne na masunta da tsofaffi masu fansho, mutum wajen dubu 10. A nan guguwar ta fara hawa tudu daren Juma'ar da ta wuce, 25 ga Agusta, da iska mai gudun kilomita 215 a awa. Kafin ta iso, wani jami'in garin ya ce duk wanda ya ƙi tashi, to ya rubuta sunansa da lambarsa ta gwamnati a hannu, don a gane gawarsa. Duk da haka wasu sun zauna. Baba, da kun ga garin nan da kun yi salati. Turakun wuta a kwance jere, gidajen katako a wargaje, katifu a kan bishiya. Akwai wani ƙaton rumbu da ake jera jiragen ruwa a ciki hawa-hawa, ya ɓarke, jiragen na rataye a waje. Babu wuta, babu ruwan famfo, ga wani wari na ruɓaɓɓen abinci daga firij da ba ya barin hanci.

Houston kuma ruwa ne ya ci ta. A wasu wuraren ruwan sama ya haura inci 50 cikin 'yan kwanaki, wato ya fi abin da Kano ke samu a damina guda. A can aka rasa wani sajan na 'yan sanda, Steve Perez, ɗan shekara 60, wanda ya yi shekara 34 yana aiki. Ya fita da asubar Lahadi zai je ofis, ruwa ya cinye motarsa. Na faɗa ne don na san za ku ji, kada a ce muku a inda nake ne. Mu nan ruwan ya janye.

Aikin da muke yi, in Kawu ya gani zai ce wannan ba ɗan sanda ba ne, ɗan dako ne. Da safe mu sauke katan-katan na ruwa da ƙanƙara da tamfol daga tirela, mu jera motoci a layi ana zuba musu. Sai kuma bin gida-gida da takardar sunaye, don 'ya'yan da ke nesa suna ta kira a duba musu iyayensu. Masu aikin ceto sukan fesa babban gicciye da fenti a ƙofar gidan da suka bincika, su rubuta rana da abin da suka tarar. Shekaranjiya na buga wata ƙofa, wata tsohuwa ta buɗe, ita da kyanwoyinta, maganinta na ciwon suga ya yi zafi don babu firij. Ta ce ba inda za ta. Muka kawo mata ƙanƙara, muka kira ma'aikatan jinya, na ba ta wayata ta yi magana da 'yarta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk layin babu wanda ya leƙa ta, ba don mugunta ba, kowa ya gudu ne. Da dare akwai dokar hana fita, sai mu tare hanya muna duba katin masu shiga. Wasu sun rubuta a allo cewa duk wanda ya zo sata za su harbe shi, kuma mutanen Texas ba sa wasa da irin wannan magana. Saboda haka sau da yawa ɓarawon ma muke tsarewa daga mai gida.

To yau ga sallah. Akwai masallaci a Corpus Christi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, amma ba halin barin aiki. Na yi kabbarorina a cikin mota, abokin aikina yana kallona, har ya tambaya ko lafiya. Na ce masa yau ce babbar ranarmu. Kun riga mu da awa shida, don haka lokacin da na idar da asuba na san kun daɗe da saukowa daga Ƙofar Mata, an kayar da rago, Yaya Babba ya naɗe hannun riga yana fiɗa, yana faɗan an ɓoye masa wuƙarsa mai kaifi.

Hantar nan ce ta hana ni sakat. Na kame bakina tun asuba kamar yadda Baba ya saba mana, na ma manta babu abin da zan buɗe da shi. Ina ta ganin Hajiya a bakin murhu da ƙaramin kaskon nan baƙi da ba a taɓa shi sai ranar layya. A yayyanka hanta da ƙoda ƙanana, a jefa ɗan kitse ya narke, albasa, gishiri, shi ke nan, sai yajin Gwaggo mai citta da kanumfari a gefe. A kai wa Baba tukuna a kwanon sha mai murfi, mu kuwa muna tsaye a bakin ƙofar ɗaki kamar ba ruwanmu, har ya ɗauki biyu ko uku ya ce a zo a ɗauke. Ni ko ƙona harshe ban damu ba. Su suya da dambu da kai da ƙafa na gobe duk na iya haƙura, kakiden da za a yi ta zuba wa wake da shinkafa har wata ya ƙare ma na yafe. Amma hantar farko, da hayaƙin babbaka yana shigowa daga zaure, yara na rigima a kan wutsiya, wannan kam babu kuɗin da zai saya mini ita a ƙasar nan. A Dallas ma in mun yi layya a gona, sai la'asar ake miƙo maka nama a leda, hantar ta yi sanyi, wani lokacin ba ka da tabbacin ta ragonka ce.

Abin haushi, a nan kusa da mu wasu bayin Allah sun jawo manyan tukwanen gashi a bayan mota suna gasa nama kyauta ga duk mai aiki. Mutanen kirki ne ƙwarai, sun bar gidajensu sun zo. Ƙamshi har cikin ƙwaƙwalwa, amma tare da naman alade suke gasawa. Da kifin gwangwani da biskit na buɗe baki. Wani masunci ɗan asalin Vietnam, da ya ji labari, ya soya mini jatan lande ya kawo a takarda. Allah Ya saka masa, ya yi daɗi. Ba hanta ba ce dai.

Na ji ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a Makurɗi. Baffa ya kira abokin cinikinsa na can ya jajanta masa.

A gaishe mini da Kaka da kyau da kyau, a durƙusa a madadina. A ce mata mijinta na Amurka bai manta da goron sallarta ba, yana cikin kuɗin da na turo, kada kowa ya taɓa, kuma na ji labarin ta ce ta sake ni saboda na daɗe, to ban karɓi takardar ba. A tabbatar an daka mata naman da laushi, ta daina cewa haƙoranta ƙalau. A gai da Gwaggo, in an samu mai zuwa ta aiko mini da yaji. Ina gai da Kawu da iyalinsa, da Baffa, da Yaya Babba da amaryarsa. Auta, ke kuma gobe in an je kallon Hawan Daushe ki ɗauko mini bidiyo mai tsawo, wanda ake jin algaita da harbin 'yan bindiga, ba irin na bara da rabinsa fuskarki ce da ta ƙawayenki ba. Ki riƙe hannun 'yan biyu a cikin turmutsutsun Ƙofar Kudu. Ɗinkinki ya fito kuwa, ko tela ya sake yi miki halinsa? A gai da Malam Liman, a roƙa mana addu'a, mu da mutanen garin nan. A gai da mai shayin bakin layi da 'yan majalisa. Maƙwabta duka ina gaisuwa.

Baba, cinyar ragona ɗaya a kai gidan marigayi abokinku kamar kullum. Ba a faɗa mana ranar da za a sallame mu ba tukuna, amma da zarar na koma Dallas zan kira ku, yara ma su yi muku barka da sallah da bakinsu.

Wassalam,
Ɗanku na Texas