Ba coci nake ji maka ba, koci nake ji maka

Tudun Wada, Zariya

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ummanku tana gaishe ka. Gwiwar tata da sauƙi, ta ce in gaya maka tana yin motsin da ka nuna mata ta waya safe da yamma, ko da yake ni dai ban taɓa kama ta tana yi ba. Da biro na rubuta wannan takarda, Zainab ce za ta buga ta aiko maka. Magana irin wannan in aka ce ta waya za a yi, sai mu yi ta katse juna har kati ya ƙare ba a ce komai ba.

Na karanta takardar da Jami'ar Baylor ta garin Waco a jihar Texas ta aiko maka, ta ba ka gurbin digiri na biyu haɗe da aikinka na kula da lafiyar 'yan wasa, sau biyu, na biyun da ƙamus a gefe. Labarin ya riga ya zaga dangi. Daren jiya bayan isha'i Baffanka Sani ya zo, ko zama bai gama yi ba ya ce, "Yaya, ka bar yaro ya tafi Amurka mun yi shiru, yanzu kuma makarantar mishan?" Na ce masa ya manta shekara biyar na yi a St. Paul's ta Wusasa, wadda yau ake kira Kufena. A kaɗa ƙararrawa su tafi addu'arsu, mu mu ja butocinmu. Da sallata na shiga, da ita na fito, na kuma ƙaru da abin da na ci abinci da shi shekara talatin da biyar. Ya yi shiru, amma na san bai gamsu ba, kuma ba zan ce damuwarsa ta banza ba ce.

Baylor ba sunan Kiristanci kawai ta ara ba. 'Yan Baptis ne suka kafa ta a 1845, tun Texas tana ƙasa mai zaman kanta, kuma har yau 'yan digirin farko sai sun halarci taron ibada sun ɗauki darasin addini. Kai digiri na biyu za ka yi, amma kada ka tafi da zato. Rubuta musu ka tambaya, su amsa a rubuce: ko akwai taron ibadar da ya zama dole a kanka, ko akwai takardar aƙida da za ka sa wa hannu, ko za a bar maka sa'a biyu ranar Juma'a. Akwai masallaci a Waco, na sa Zainab ta duba. Ka kuma sani dokar Amurka ta ba makarantun addini damar fifita mabiyansu wajen ɗaukar ma'aikata, don haka ƙofar ɗalibi daban, ƙofar ma'aikaci daban. Tunda rabinka ɗalibi ne rabinka ma'aikaci, ka san ta wace ƙofa suka shigar da kai. In 'yan wasa suka yi da'ira suna addu'a kafin wasa, ka tsaya da ladabi, kada ka ce amin a kan abin da ba ka yarda da shi ba, kada kuma ka yamutsa fuska. Gidansu ka je. Musu a kan addini kuwa, ba shi ka je yi ba, kuma ba ka da karatunsa.

Wannan ke nan game da coci.

Batun digirin kansa, ina ganin ka yi tunani daidai. Da ka ci jarrabawar BOC, hukumar da ke ba masu kula da lafiyar 'yan wasa takardar shaida, ka soma liƙa ATC, alamar wannan shaida, a bayan sunanka, mun ɗauka an gama. Sai ka bayyana mini cewa tun 2015 hukumomin sana'arku suka yanke cewa digiri na biyu zai zama matakin shiga, kuma bayan 2022 an daina ɗaukar ɗalibai ta hanyar digirin farko da ka bi. Takardarka tana nan da ƙarfinta, amma duk yaron da ya biyo bayanka da digiri na biyu zai fito, ku je neman aiki ɗaya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da na so a zaɓinka shi ne ba maimaita naɗa bandeji za ka yi ba, za ka karanci yadda zuciya da huhu da tsoka ke aiki idan jiki ya ɗauki wuta. Digirin dakta na sana'arku da ka ce ana yi a Idaho, ka ajiye shi tukuna. Bashi kuma kada ka ci, ko dala ɗaya. In yafe kuɗin makaranta da ɗan alawus ɗin ba za su riƙe ka ba, ka faɗa mini yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka karɓi lasisin Texas kafin ka taɓa ƙafar kowa, don jihar ce ta fara yi wa sana'arku lasisi tun 1971, ba sa wasa da shi. Sannan bizar ɗalibi sa'a 20 ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, alhali kai da bakinka ka ce mini kuna buɗe ɗakin magani kafin asuba, ba kwa rufewa sai ɗan wasa na ƙarshe ya tafi. Ka je ofishin ɗaliban waje su warware maka wannan lissafi, kada alherin wani ya zame maka laifi.

Har yau rabin dangi koci suke ce maka. Gwaggo Asabe cewa take ɗan yayanta yana koyar da Turawa ƙwallo. Na gaji da bayanin cewa ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da aikinku a cikin ayyukan lafiya tun 1990, sai nake ce musu kai maɗorin fili ne mai takarda, wanda ya san targaɗe da karaya da gocewar ƙashi, ya kuma san bugun zuciya. Suna dariya. Amma wannan ruɗanin shi ne asalin abin da ya sa na ɗauki biro, don ba a bakin Gwaggo kaɗai yake ba. Ranar wasa, kai kanka za ka iya manta ko kai wane ne.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Lokacin ina malamin wasanni a wata sakandare, kafin a haife ka, mun kai wasan ƙarshe na makarantun yanki. Kayan aikina a lokacin bokitin ruwa ne da soso, da kwalbar man zafi, da gwangwanin gulukos. Saura kamar minti ashirin, mai tsaron bayanmu, wani dogon yaro mai shiru-shiru, ya yi tsalle suka gwara kai da ɗan gaban abokan karawa. Na ji ƙarar daga bakin layi, kamar an fasa ƙwarya. Na ruga na matse masa soso a ƙeya. Ya buɗe ido, ya dube ni, ya ce, "Malam, an fara?" Muna cin ɗaya, an kusa tashi, yaro yana tambaya ko an fara. Na ji tambayar sarai. Na ɗaga kai na ga shugaban makaranta a rumfar manyan baƙi yana yi mini alama da hannu in tashe shi, ɗalibai suna kiran sunansa da kiɗan galan, ba mu da wani mai tsaron baya a benci. Na zuba masa gulukos a tafin hannu ya lashe, na bugi kafaɗarsa na ce, "Kai namiji ne, shiga." Bai yi minti goma ba ya sake sa wa ƙwallo kai, ya durƙusa, ya yi amai, ya kife. A bayan motar makaranta muka kai shi asibiti, kansa a cinyata. Ya rayu, alhamdu lillahi. Amma ciwon kai bai bar shi ya zauna a aji ba, bai rubuta jarrabawar fita ba. Mun ci kofin. Na ga hoton a ofis shekara da shekaru, ina tsaye a gefe ina murmushi.

Ba wanda ya tsare ni da bindiga ranar. Hannu kawai aka ɗaga mini daga rumfa. Kuma ni ina da uzurin jahilci, ba wanda ya taɓa koya mini cewa ƙwaƙwalwar da ta girgiza in aka sake bugunta kafin ta warke tana iya kumbura ta kashe mutum. Kai an koya maka, an yi maka jarrabawa a kai, ba ka da wannan mafaka. Inda za ka kuwa ba kofin yanki ake nema ba. Baylor tana cikin Big 12, rukunin gasar manyan jami'o'i, ta ci kofin ƙwallon kwando na maza na ƙasa a 2021, kociyoyin irin waɗannan makarantu albashinsu miliyoyin daloli ne, kuma kujerarsu tana rawa da sakamakon ranar Asabar. Ba ina cewa na can miyagu ba ne, ban san su ba. Mutumin kirki ma in wasa ya yi zafi idonsa rufewa yake. Kai kuma ga ka baƙo, ƙaramin ma'aikaci, karatunka da bizarka duk a rataye da wannan aiki. Zuciyarka za ta raya maka cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To ladan da ka ci na kula da yaron ne, ba na faranta wa koci ba.

Doka tana bayanka, ka riƙe ta. A 2016 manyan rukunan jami'o'i biyar na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, har da Big 12, suka amince cewa likitan ƙungiya da ma'aikaci irinka su ke da maganar ƙarshe a kan komawar ɗan wasa fili, koci ba shi da ikon tayar da ita. Amma doka a takarda take, a bakin layi kai ne za ka buɗe baki. Tun makon farko ka san wa kake kai wa rahoto, likita ko ofishin wasanni. Duk abin da ka gani ka rubuta, da lokaci da sa hannu. In ka ce yaro ba zai koma ba, ka ɗauke hular kwanonsa ka riƙe a hannunka, ka faɗa sau ɗaya ba tare da ɗaga murya ba. A nan ma makarantar addini tana iya yi maka rana: mutanen da suka rubuta a ƙofarsu cewa ran mutum amana ce, kana da bakin tuna musu, kuma a kan wannan mu da su ba mu da saɓani.

Ka kula da zafi. Agustan Waco yakan haura digiri 38, kamar Afrilun Zariya, ga yara 'yan ƙwallon Amurka cikin sulke da hular kwano. Korey Stringer ƙato ne ɗan wasan ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Minnesota Vikings, zafi ya kashe shi a 2001 a sansanin atisaye. Kai ka koya mini cewa in zafin cikin jiki ya wuce 40, a tsoma mutum a ruwan ƙanƙara nan take, a sanyaya shi kafin a ɗauke shi. To kullum ka leƙa bahon da idonka kafin a fara, kada ka yarda da "an cika".

In sun ce ka zaɓi abin bincike, ga shawarar tsohon malami, ka ɗauka ko ka bari: ɗan wasa mai azumi. Hakeem Olajuwon yana azumi aka zaɓe shi gwarzon gasar ƙwallon kwando ta NBA na watan Fabrairun 1995, a Houston, nan cikin Texas. Yara Musulmi suna ƙaruwa a filayensu, kociyoyi ba su san me za su yi da su ba, wasu yaran kuma ɓoyewa suke. Kai ka san sahur, ka san yadda la'asar take a maƙogwaro. Abin da Baffanka yake gani rauni ne a gare ka a can, shi ne abin da ka fi duk ajinku sani.

Maganar dawowa gida ba zan matsa maka ba. Takardar BOC tana da hanyar amincewa da Kanada da Ailan da Birtaniya, ban da mu. A nan hukumar da ke rajistar masu gashin ƙashi ba ta da gurbi mai sunan aikinku, sai dai ka shigo ta jami'a ko ta wata ƙungiyar ƙwallo. Amma ina gaban talabijin ranar 12 ga Agusta 1989 da Samuel Okwaraji ya faɗi a Surulere muna wasa da Angola. A Maris 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya, shi ma bai tashi ba. Sai ga Damar Hamlin, ɗan ƙwallon Amurka, a Janairun 2023, zuciyarsa ta tsaya a fili a Cincinnati, wani mai irin aikinka, Denny Kellington, ya durƙusa yana danna masa ƙirji har aka kawo na'ura, yaron ya tashi har ya koma wasa. Bidiyon da ka turo mini na kalle shi ya fi sau goma.

Saboda haka ga aike. Ka tambayo mini kuɗin wannan na'ura mai farfaɗo da zuciya, ƙaramar da ake ratayawa a jaka, da kuɗin batirinta, da ko tana jure zafi da ƙura. Ƙungiyarmu ta tsofaffin malaman wasanni za ta zauna bayan Sallah, ina so in je musu da lissafi a hannu. In ka zo hutu kuma za ka ba mu yini ɗaya ka koya mana danna ƙirji, na riga na yi musu alkawari da sunanka.

Ummanku ta haɗa maka kuka da yaji da daddawa, za a ba ɗan gidan Alhaji mai tafiya Dallas. Kilishin na hana, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ka kira Baffanka ranar Juma'a ka gaishe shi, kada ka ɗauko masa maganar, bar shi ya ɗauko da kansa.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka